Rufin Asiri da Masu Cinikin Tononsa

Karatu: Farawa sura 9, aya 18 zuwa 27.

Akwai addu'a guda wadda ba ta fita daga bakin Bahaushe, ko Kirista ne shi, ko Musulmi, ko kuwa wanda har yanzu ya ke bin al'adar kakanninsa. Addu'ar nan ita ce, Allah ya rufa mana asiri. Tsohuwa tana yinta da bazara sa'ad da ta leƙa rumbu ta hangi ƙasansa. Mai gida yana yinta sa'ad da 'yarsa ta isa aure, ba shi kuwa da kuɗin gado balle na kwanuka. Mun iya jimre yunwar kwana biyu, amma ba mu so maƙwabci ya gane tukunyarmu ba ta hau murhu ba. Haka iyayenmu suka koya mana tun ba mu san dama da hagu ba, daidai kuwa suka koya mana.

To, ga abin da ya ke damunmu. Bakin da ya roƙi rufin asiri da asuba, shi ne da dare ya ke tambaya, "Kun ga abin da wance ta yi?" Hannun da aka ɗaga wurin addu'a, shi ne ya ke miƙa kuɗin data domin a nuna masa kunyar wani. A zamanin nan tonon asiri ya zama sana'a, da masu yinta, da kasuwarta, da ribarta. Mu masu bi kuwa muna cikin masu saye.

Kada wani ya ce wannan zancen mutanen birni ne. A ƙasar Gaya da Ajingi, inda ekklesiyoyinmu su ke ƙanana, a warwatse cikin ƙauyuka, wutar lantarki ba ta kai ko'ina ba, amma waya ta kai. Akwai mai caji da farantin solarsa a bakin kasuwa, akwai mai tura finafinai cikin memori, akwai gidan kallo. Saurayi ya kan kai tiya biyu ta gyaɗa kasuwa ya sayi data da kuɗin, kafin mako ya zagayo ta ƙare, ba abin da zai nuna. Wanda ya je cin rani Kano ko Legas ya kan komo da waya cike da kaya, ƙannensa su kewaye shi har tsakar dare. Abin da aka nuna a talabijin a Legas da daddare, kafin gari ya waye an yanka shi gutsi-gutsi, ya iso Ajingi ta Facebook da TikTok da WhatsApp.

Bari mu fara da babbansu, shirin nan da a ke kira Big Brother Naija, wato Babban Wa. Asalinsa daga ƙasar Holan ne, inda aka fara shi a 1999. Sunan kuwa an ɗauko shi daga wani littafi na Bature George Orwell wanda ya fito a 1949, inda ya kwatanta wani azzalumin mai mulki wanda idonsa ya ke bisa kowa dare da rana, ba mai ikon ɓuya. Marubucin ya rubuta wannan domin ya tsoratad da mutane. Bayan shekara 50 aka ɗauki abin tsoron aka mai da shi abin nishaɗi. A Nijeriya an yi na fari a 2006, wani saurayi ɗan Jihar Kaduna, Katung Aduwak, ya ci. Aka dakata, sa'an nan aka komo da shi a 2017, kamfanin MultiChoice yana nunawa a DStv da GOtv.

Ga yadda a ke yinsa. A kan tara samari da 'yan mata, wajen ashirin ko fiye, a kulle su cikin gida guda kimanin mako goma. A karɓe musu waya, ba labarin duniya, ba aikin hannu na kirki. Na'urorin ɗaukar hoto da na ɗaukar murya suna bisansu dare da rana, har ɗakin kwana. Ran Asabar da dare a shirya musu rawa da giya. Ran Lahadi da yamma a fitar da wanda ƙuri'ar 'yan kallo ba ta tsai da shi ba. Wanda ya saura ƙarshe shi ke da kyauta.

Masu shirin suna cewa wannan rayuwa ce ta gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Ku lura da maganar nan da kyau, gama a nan ne yaudarar ta ke. Daga cikin dubban masu nema a ke tsamo 'yan kaɗan, ba kuwa masu haƙuri da kamun kai a ke nema ba, domin haƙuri ba ya jawo 'yan kallo. Kowanenmu ya san abin da zai faru idan aka kulle zakaru biyu cikin akurki ɗaya. Wanda ya kulle su ba zai ce mana, "Ga halin zakara na gaskiya," ba. Shi ya shirya faɗan. Sa'an nan cikin sa'a 24 na yini, guntun da a ke yankowa a baza shi ne inda aka yi zagi, ko kuka, ko abin da bai kamata a faɗa a shafin nan ba. Sa'ad da wani ya zauna shiru yana wanke kwanuka, ba mai tura wannan. Mai kawaici a gidan, 'yan kallo su kan ce ba ya ba su nishaɗi, su fitar da shi. Da haka yaran da ke ciki su ke koyon darasinsu: in kana so ka daɗe, sai ka sayar da kunyarka. Yaranmu da ke kallo su ma suna koyon darasin nan, ba tare da malami ba.

A 2020, shekarar da cutar korona ta kulle mutane a gida, kyautar wanda ya ci, kuɗi da gida da mota da sauransu, darajarta ta kai naira miliyan 85. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne a wata. Ku yi lissafi. Ƙaramin ma'aikaci sai ya yi aiki fiye da shekara 230, bai ci bai sha ba, kafin ya tara wannan. Kamfanin ya ce ƙuri'un da aka jefa a shekarar nan sun wuce miliyan 900. Manyan masu ɗaukar nauyin shirin a 2019 da 2020 kuwa kamfanonin caca ne, Bet9ja da Betway. Wannan bai ba mu mamaki ba. Mai caca da mai shirin nan wa'azinsu ɗaya ne ga matashi: arziki yana zuwa dare ɗaya, ba ta hanyar fartanya ba, ba ta hanyar makaranta ba. Ina yaron da zai ji wannan kullum, sa'an nan ya tashi da asuba da farin ciki ya tafi noman gero?

Mutanen Gaya sun fi kowa sanin bambancin ƙarfe da abin da ya yi kama da ƙarfe. Labarin kakanni ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙarsa, kuma daga Gaya wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama har ya zauna a gindin Dala. Sa'ad da aka narka tama, abu biyu ke fitowa daga wuta. Ɗaya ƙarfe ne, da shi a ke yin garma da lauje. Ɗayan kuwa kashin maƙera ne. Baƙi ne shi ma, yana da nauyi, wani lokaci har ya fi ƙarfen ƙyalli, amma ko shekara ka yi kana dukansa ba zai zama allura ba. Jikokin maƙera bai kamata a sayar musu da kashin maƙera da sunan ƙarfe ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Bayan ka kalli abu sa'a biyu, me ka iya yi da shi? Ya koya maka wani abu? Ya sa ka ji tausayin wani? Ko kuwa ya bar ka da raini, da ƙyashi, da sha'awar da ba ka da ita dā?

Amma Big Brother da Turanci a ke yinsa, da yawa daga cikinmu guntayensa kaɗai mu ke gani. Wanda ya fi shiga gidajenmu shi ne na harshenmu, wato labaran 'yan fim da mawaƙa da 'yan TikTok. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, a shekarun nan kuma sunan Kannywood ya bayyana. A lokacin, ko mene ne aibin mujalla, akwai edita mai suna, da ofishi, da wanda za a kai ƙara idan ya yi ƙarya. Yau kowane mai waya ɗan jarida ne. Ya buɗe shafi, ya sa hoton wata 'yar fim, ya rubuta bisa kai da manyan baƙaƙe, "Innalillahi, asiri ya tonu," ko "Abin da ya raba aurensu zai ba ka mamaki." Ka taɓa, ka saurara minti goma, ba kome ciki sai zato da maimaici. Shi dai buƙatarsa ta biya, gama a kan biya irin waɗannan bisa yawan masu kallo, ta wurin tallan da a ke sakawa. Ƙarya da gaskiya kuɗinsu ɗaya a wurinsa, sai dai ƙarya ta fi saurin tafiya. Ba ya buƙatar ka gaskata. Ka taɓa kawai.

Har masu yin abin sun gane inda kuɗin ya ke, suna ƙirƙiro abin kunya da kansu. A watan Oktoba 2025 wata kotun majistare a Kano ta umarci Hisbah ta ɗaura auren waɗansu 'yan TikTok biyu cikin kwana 60, saboda hotunan soyayya da suka riƙa sakewa. Daga baya aka fasa, da shi ke saurayin ya ce ba soyayya tsakaninsu. Ashe dukan abin da dubban mutane suka kwana suna gardama a kansa, wasa ne domin a sami mabiya.

Akwai kuma wanda ba wasa ba ne. Manya cikinmu za su tuna 2007, sa'ad da wani hoton ɓoye na wata 'yar fim ya fita daga waya ya bazu cikin Kano. Ba za mu ambaci sunanta ba. An ambace shi ya isa. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta dakatad da ɗaukar fim wata shida, mutane da yawa suka rasa abin yi. Amma ku tambayi kanku, ta yaya hoton ya tashi daga waya ɗaya ya shiga dubbai? Ba iska ta ɗauke shi ba. Kowane mutum da ya la'anci yarinyar da bakinsa, ya kuma ce wa abokinsa, "Tura mini in gani," shi ne ƙafar da abin ya yi tafiya da ita. Ba ita kaɗai ke cikin hoton ba, amma sunanta ne ya zama abin zagi a bakin yara. Haka aka yi a haikali a Yohanna sura 8: mutum biyu suka yi zunubin, mace kaɗai aka jawo tsakiyar taro. Ubangijinmu kuwa, sa'ad da dukan idanu su ke bisanta, ya sunkuyad da nasa ƙasa. Bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya gaya mata ta daina. Amma sai da taron ya watse ya yi mata magana.

Yanzu mu komo ga karatunmu. Nuhu mutum ne wanda Allah ya cece shi daga ruwan tufana, shi da iyalinsa. Bayan wannan ya yi gonar inabi, ya sha, ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifinsa ba. Ɗansa Ham ya shiga ya gani. Ganin fari wataƙila ba da nufi ba ne. Mu ma sau da yawa abu ya kan faɗo cikin wayarmu ba mu nema ba. Abin da ya yi bayan ganin shi ne maganar. Ga mayafi kusa, ga uba kwance, ba wanda ya sani sai shi. Ya bar mayafin, ya fita waje neman wanda zai ba labari. Ku lura kuma, abin da Ham ya faɗa gaskiya ne, bai ƙara kome ba. Saboda haka mai cewa, "Ai ba ƙarya na tura ba," bai tsira ba tukuna.

Shem da Yafet suka ji labarin, ba yadda za su yi su hana kunnensu. Amma labarin ya mutu a wurinsu. Suka ɗauki mayafi, suka ɗora bisa kafaɗunsu su biyu, suka shiga da baya da baya, fuskokinsu a juye, suka rufe ubansu. Ku gwada tafiya da baya cikin ɗaki mai duhu, ku biyu riƙe da zane ɗaya, ku ji wuyarta. Sun zaɓi su yi tuntuɓe da su gani. Ba su ce, "Bari mu duba tukuna mu tabbatar," ba, wanda shi ne uzurin da mu kan kawo. (A nan ya kamata mu faɗi abu guda a gefe. Waɗansu Turawa a zamanin cinikin bayi sun karkatad da surar nan, suka ce baƙar fata aka la'anta. Ƙarya ce. Sunan Kan'ana aka ambata, ba kuwa zancen launin fata a wurin.)

Wani zai ce, "Ni ɗan kallo ne kawai, ban yi kome ba." Markus sura 6 tana da amsa. Hirudus ya yi bikin ranar haihuwarsa, ya tara manyan ƙasarsa, 'yar Hirudiya ta yi rawa, kowa ya ji daɗi. Sarki ya yi alkawari a gaban taro, yarinya ta roƙi kan Yohanna Mai Baftisma. An gaya mana sarki ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma saboda rantsuwarsa da saboda baƙin da ke zaune bai iya janyewa ba. Baƙin nan ba wanda ya zare takobi cikinsu. Zama kawai suka yi suna kallo, suna jiran su ga ƙarshen abin. Zamansu ne ya ɗaure sarki.

Mu da mu ke 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, mun san magana zarar bunu ce, mun kuma san abin da ta kan ƙone. A watan Nuwamba 2002 ana shirin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, wata marubuciya a jaridar ThisDay ta sa layin wargi wanda ya taɓa Annabin Musulmi cikin labarin gasar. Kaduna ta kama da wuta, mutum fiye da 200 suka mutu, Kirista da Musulmi, aka ƙone masujadai da masallatai, aka kwashe gasar zuwa Landan. Ba abin da ya halatta kisan nan, alhakinsa yana wuyan waɗanda suka yi shi. Amma daga shafin nishaɗi tartsatsin ya tashi, inda a ke zaton kome wasa ne. Malaman maƙwabtanmu su ma suna wa'azi a kan giba da annamimanci. Abin kunya ne ƙwarai a ce a majalisar mai shayi ɗan ekklesiya ne aka sani da sabon tsegumi kullum.

Shin masu saye suna da iko? Suna da shi. A Ingila akwai wata jaridar Lahadi, News of the World, wadda aka kafa a 1843, ta yi arziki da tonon asirin mutane. A 2011 ya bayyana cewa masu yi mata aiki sun saci sauraron saƙonnin wayar mutane, har da na wata yarinya 'yar shekara 13 wadda aka sace aka kashe. Jama'a suka yi fushi, masu talla suka janye, cikin watan Yuli na shekarar aka rufe ta bayan shekara 168. Ba doka ta rufe ta ba, ƙyamar jama'a ce.

Ba mu ce a fasa waya ko a rufe talabijin ba, ba mu kuma ce dariya zunubi ce ba. Ta wurin wayar nan manomi ya ke jin farashin Kasuwar Wudil kafin ya ɗaure awakinsa ran Jumma'a, ta wurinta tsohuwar da idonta ya dushe ta ke sauraron karatun Littafi da Hausa. Akwai wasannin kwaikwayo na Hausa masu ma'ana, iyali su zauna su kalla tare ba wanda zai sunkuyad da kai. Abin da mu ke roƙo ƙanƙane ne, ko da ya ke yinsa da wuya. Idan hoton kunyar wani ya shigo wayarka, kada ka buɗe shi har ƙarshe, kada ka tura, ka share. Idan a zauren WhatsApp na matasan ekklesiya ko na zumuntar mata aka sako shi, wanda ya fara gani ya kira mai sakowa a keɓe ya yi masa magana a hankali, kada a tona shi shi ma a gaban kowa. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku abin da su ke kallo, ku zauna ku gani tare da su. Amma ku fara duba taku wayar, gama sun riga sun san abin da ke cikinta.

Sauran abu guda, kada a juya maganarmu. Rufin asiri ba ɓoyon mugunta ba ne. Idan wani yana lalata yarinya, ko yana dukan matarsa, ko ya ci kuɗin baiko, shiru a nan haɗa kai ne da mai laifi, mayafin Shem bai kai nan ba. Matta sura 18 ta nuna hanyar gyara tsakanin 'yan'uwa: ka je wurin mutumin kai kaɗai, in ya ƙi ka koma da ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ekklesiya. Abin da ya shafi rai ko lalata yaro kuwa, a kai shi ga hukuma ba jinkiri, ko wane ne mai laifin, ko da dattijon ekklesiya ne. Bambancin shi ne wurin wanda ka kai maganar. Mai neman gyara ya kan kai ta inda za a iya gyarawa. Ham waje ya kai tasa.

Cikin ekklesiyoyinmu na Gaya da Ajingi ba a rasa yarinyar da ta yi kuskure, ko saurayin da sunansa ya ɓaci, wanda ya daina zuwa sujada domin ya san labarinsa ya riga shi isa bakin ƙofa. Dattawa da shugabannin zumuntar mata sun san su da sunayensu. Kafin Lahadi mai zuwa, mutum biyu su je gidan, da yamma, ba da taro ba, su bar wayoyinsu cikin aljihu.